Kular Abincin 'Yar Aji Uku: Nazarin Shekara Guda Tsakanin Gida, Bakin Get da Gidan Biki

Wata Talata ce cikin watan Oktoban 2024. An taso yara daga makaranta, na buɗe kular 'yata ta biyu zan wanke, sai na tarar da ɗanwaken da na tashi tun asuba na jefa yana nan yadda na zuba shi. Ƙwan da na yanka a kai kawai aka tsince. Man gyaɗan ya kwanta a gefe guda, ƙullin yajin ko kuncewa ba a yi ba. Kwana na huɗu ke nan a jere abinci yana dawowa, ni kuma ina ta faɗa ina cewa yarinya ta cika iyayi. Ran nan dai na zaunar da ita a kan tabarma na tambaye ta cikin lallami. Ta daɗe tana murza bakin hijabinta kafin ta ce, "Umma, ni fa ba na buɗe kular sosai. In na buɗe sai su toshe hanci su ce wa ya zo da abincin 'yan ƙauye."

Shekararta takwas a lokacin, tana aji uku a wata ƙaramar makarantar kuɗi da ke unguwarmu a Kano. A gida in aka yi ɗanwake ita ce ke fara neman ƙari.

Iyaye mata da dama sun tambaye ni yadda muka yi da lamarin, kuma amsar ta fi ƙarfin saƙon murya na minti biyu. Shi ya sa na zauna na rubuta shi daga farko, har da wuraren da na yi kuskure da inda aka fi ƙarfinmu.

Abin da take ci a yini kafin nan

Ni ce na fara ɓata al'amarin, ba wani ba. Yara uku nake shiryawa da safe, mai adaidaita kuma bakwai da kwata yana ƙofar gida yana danna oda. Taliyar leda minti biyar take ɗauka. Tun tana nazire na saba zuba mata ita a kula, in cusa jus na kwali a gefen jaka. Karin kumallo shayi ne mai cokali uku na suga da burodi. Babanta kuma ba ya fita sai ya miƙa wa kowa kuɗin tara, duk da cewa yanzu sai goma da rabi ake fita tarar, sunan ne kawai ya rage. Wannan kuɗin a bakin get yake ƙarewa: biskit, alawa, cingam. Da la'asar ga islamiyya, can ma akwai mai faranti da ƙanƙara mai kala. In aka zuba tuwo da miyar kuka bayan magariba, loma biyu take yi ta tsame hannu.

Babu wanda ya ga abin damuwa saboda ba ta rame ba. Mu a nan in aka ce matsalar abincin yara, tamowa muke fara tunawa, kuma da gaskiyarmu. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57, sannan kashi 68 na 'yan wata shida zuwa shekara biyar suna da ƙarancin jini. Yawancin wannan talauci ne ke haddasa shi. Namu wani nau'in ne daban da ba a cika lura da shi ba a gidajen masu ɗan hali: ciki a cike yake tun safe har dare, amma abin da ke cikinsa fulawa ne da suga da gishiri da mai.

Haƙori ne ya tona asirin. Cikin Satumba ta kwana tana kuka, muka kai ta wurin likitan haƙori, ya ce turamenta biyu sun yi rami. Na yi zaton zai tambaye ni yawan zaƙin da take sha, sai ya ce, "Hajiya, sau nawa zaƙi ke shiga bakinta a yini?" Ya yi min bayanin cewa duk lokacin da suga ya taɓa haƙori, ƙwayoyin cutar da ke baki suna mayar da shi wani ruwa mai tsami da ke cin fatar haƙorin na ɗan lokaci, sannan yawu ya zo ya gyara ɓarnar. Yaron da ya ci zaƙinsa sau ɗaya tare da abinci ya ba yawu damar yin aikinsa. Wanda kuwa yake tsotsar alawa tun safe har yamma, haƙoransa ba sa samun hutu. A cikin adaidaita muna dawowa na ƙirga da yatsu, na samu bakwai.

Da na koma gida na ɗauko robar lemo ta santilita 50 na karanta rubutun da ke bayanta. Yawancin irin waɗannan lemukan suna da kusan giram 10 na suga a kowane mililita 100, wato roba ɗaya wajen giram 50 ke nan. Na jera ƙwayoyin suga tara a faranti, na ƙara rabi, na kira babansu ya gani. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu a yini, in ma ya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga yarinya kamar tamu kashi goman bai fi giram 40 ba. Kuma a wannan lissafin har zuma da jus ɗin 'ya'yan itace suna ciki. Babansu ya kalli farantin ya ce, "Ai ko shayin maigadi bai kai wannan ba."

Gwamnati ma ta san da maganar. A dokar kuɗi ta 2021 an sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi, aka fara karɓa a 2022. A kan robar santilita 50 naira biyar ke nan. Ban taɓa ganin yaron da naira biyar ta hana shi sayen lemo ba.

Yunƙurin farko

Da zafina na shiga. Rana ɗaya na soke taliyar leda, na soke jus, na sa babansu ya daina ba da kuɗin tara. Na koma ɗanwake, faten wake, dambu da zogale, dafaffen dankali. Ina jin kaina uwa ta gari har tsawon mako biyu.

Bayan maganar toshe hancin nan na je makarantar. Malamar ajinsu ta ja ni gefe ta ce, "Dama ina son ganinki. Yarinyar nan ba halinta ba ne, amma kwana biyu in aka fita tara sai ta riƙa bin ƙawayenta tana cewa su ɗan sam mata." Wallahi wannan ta fi ciwon haƙorin yi min ciwo. Na hana ta sayen biskit da kuɗin ubanta, na mayar da ita mai kwaɗayin na wasu. Biskit ɗin ba ta daina ci ba, abincin nawa kuma bai shiga cikinta ba.

Wadda ta buɗe min ido maƙwabciyata ce, wadda ta taɓa zama cikin matan da ke dafa wa 'yan firamaren gwamnati abinci. Shirin ciyarwar na gwamnatin tarayya ya fara ne a 2016, na 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 ga kowane yaro a rana, daga baya aka mayar da shi naira 100, kafin a dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi a Janairun 2024. Jihar Kaduna ma ta yi nata tun Janairun 2016 a kan naira 50. Maƙwabciyar tawa tana da ƙorafi iri-iri a kan shirin, musamman yadda kuɗin ba ya isar abin da ake so a dafa. Amma da na ba ta labarin 'yata dariya ta yi. Ta ce duk shekarun da ta yi tana zuba wake da shinkafa a layi, ba ta taɓa jin yaro ya ce abincin ƙauye ne ba, har 'ya'yan masu hali da ke zuwa da kularsu ajiye ta suke yi su shiga layi. "Kowa shi yake ci, wa zai yi wa wani dariya?"

Daga nan na daina kallon abin a matsayin rigima tsakanina da harshen yarinya. Harshenta lafiyarsa ƙalau, yana son ɗanwake. Kunya ce ke rufe kular, kunya kuma a aji take, ba a kicin ɗina ba.

Larabar wake

Muna da guruf na iyayen 'yan ajin a WhatsApp, wanda aikinsa bai wuce cigiyar ɓatacciyar rigar sanyi da sanarwar kuɗin jarrabawa ba. Na kawo shawara a ciki: mu haɗa kuɗi, sau ɗaya a mako a dafa tukunya ɗaya a raba wa ajin duka. A ganina babu mai ƙin wannan.

Shiru aka yi na kusan yini guda. Sai wata ta rubuto, "Ni dai ɗana ba ya cin abincin kowa, haka babansa ya ce." Ba ta yi ƙarin bayani ba, babu kuma wanda ya nemi ta yi. Dukkanmu da wannan gargaɗin muka tashi, kar ka karɓi abin hannun kowa, kuma kowa ya san abin da ake tsoro ko da ba a ambaci sunansa ba. Wata kuma ta kawo magana mai nauyi: in aka ci tukunya ɗaya yaro ya kama gudawa, wa za a kama? Shawarata ta mutu a nan, kuma yanzu da na waiwaya gara da ta mutu.

Malamar ce ta fito da mafita. Ta ce kowa ya dafa wa ɗansa a gidansa, amma ranar Laraba a yi iri ɗaya. Makon farko na wata wake ne, ko ta wace siga: ɗanwake, alala, ƙosai, wake da shinkafa, fate. Mako na biyu dankali ko doya da ƙwai. Na uku dambu ko kwaɗo. Na huɗu abin da uwa ta ga dama, in dai ba daga leda ko kwali ya fito ba. Ruwa ne abin sha. Sannan ta ƙara da abin da ya fi komai tasiri: "Ni ma zan zo da nawa, a gabansu zan ci."

Mai makarantar bai yi murna ba, don akwai ɗan shago a cikin harabar da ke sayar da biskit da lemo, kuma ba sai an faɗa wa mutum na waye ba. Da ya ji rana ɗaya ce a mako, a aji ɗaya, ya ce a je a gwada.

Larabar farko ban samu zuwa ba, 'yata ce ta ba ni labari tana haki tun daga soro. Wai Anti ta zauna a kan teburinta ta buɗe kula cike da ɗanwake da kabeji da tumatir, ta barbaɗa yaji, ta yi bismilla ta ce kai, yau ta ji daɗi. Yaron da ya fi kowa toshe hanci mamansa ƙosai ta yi masa, ya cinye ya zo yana leƙen kular Anti. Kular 'yata ta dawo wayam.

Kada a ɗauka kowa ya shiga. Kusan rabin ajin ne suka riƙe abin a zangon farko. Wasu iyayen ma'aikata ne da ke fita tun duku-duku, wasu kuma ko guruf ɗin ba sa buɗewa. Malamar ta kafa doka ɗaya da na yaba mata a kai: babu wanda zai yi magana a kan abincin wani, ko na leda ne ko na tukunya. Da mun juya dariyar ta koma kan masu taliya, da ba mu gyara komai ba, mun dai sauya wanda ake yi wa.

Iya mai faranti

Laraba ɗaya ce a cikin kwana biyar, bakin get kuwa kullum yana nan. Akwai wata dattijuwa da ke zama a gindin darbejiya da babban faranti, yara na ce mata Iya. Wasu a guruf suka ce a sa makaranta ta kore ta. Ni dai ban ga dalilin raba baiwar Allah da abincinta ba, kuma in ta tashi wani zai zauna a wurin washegari.

Na je na gaishe ta, na tsuguna muka yi hira. Na ce, "Iya, me ya sa ba kya kawo gyaɗa ko ayaba?" Ta ce, "'Yar nan, biskit ba ya ruɓewa. In na saro katan ɗaya, ko wata zai yi yana nan. Ayaba kuwa kwana biyu ta yi baƙi, wa zai biya ni?" Duk wani bayani a kan bitamin da na zo da shi a bakina sai na haɗiye. Jarinta ƙarami ne, ba ta da inda za ta saka asara.

Mu shida muka yi yarjejeniya da ita. Maimakon a ba yara kuɗin tara a hannu, ranar Litinin muke biyan ta na mako gaba ɗaya. Ta ware gefe guda na farantin, 'ya'yanmu su zo su zaɓi abin da suke so daga nan. Abin da ya rage ranar Juma'a mu saye mu kai gida. A lokacin kaka Iya ta kawo dafaffiyar gyaɗa da gurjiya da goba. Da sanyi ya shigo sai karas, rake, lemon zaƙi, magarya da goruba, ga aya da dabino da ba su da lokaci. Ɗanta ne ke saro mata 'ya'yan itacen a 'Yan Lemo, karas kuma daga Yankaba. Da bazara ta kama, mangwaro ya yi arha har yara suka gundura. Bin lokacin kaya shi ne ya sa kuɗin bai wuce abin da muke bayarwa da can ba.

Mun yi mata sharuɗɗa kaɗan. Ba a yanka kankana ko abarba a ajiye a buɗe ƙuda na bi, a garin da kwalara ke leƙowa da damina. Abin da yaro zai ɓare da hannunsa ko a wanke a gabansa kawai. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar, don akwai gubar da ke tattare da ita da dafuwa ba ta kashewa. 'Yan nazire kuma ba a ba su aya ko gyaɗa ƙwaya-ƙwaya saboda shaƙewa.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara shida zuwa tara ya samu aƙalla giram 350 na 'ya'yan itace da ganyayyaki a yini. Da na fara jin adadin na ce sai gidan attajirai. Da na auna a sikelin mai nama, sai na ga lemo ɗaya da ayaba ɗaya da karas ɗaya da ganyen da ke cikin miya sun kusa cika shi. Kuma tsamin lemo ko goba a kan abincin wake yana taimaka wa jiki ya ja sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini, shayi kuwa rage shi yake yi. Saboda haka na mayar da karin kumallo kunun gero da gyaɗa da waken suya, shayi ya koma na ranar Asabar.

Tsada ta matsa mana, ba zan ɓoye ba. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a lissafin hukumar ƙididdiga, wake kansa ya ninka fiye da sau biyu, ƙwai ya zama abin da ake yanka wa yara biyu. Awara ce ta rufa mana asiri.

Wani abin da ban zata ba: cikin wata biyu yaran da iyayensu ba sa cikin yarjejeniyar suka fara sayen gurjiya da kuɗinsu, saboda sun ga 'yan uwansu na ɓarewa. Biskit ɗin Iya bai daina tafiya ba, amma gefen namu ya ci kusan rabin farantin.

Alalar Afrilu

Bayan an koma daga hutun azumi a Afrilun 2025 na yi kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Na dafa alala da daddare don in huta da safe, ba wuta, firij ya zama kabad. Da asuba na ɗan ɗumama na zuba. A zafin Kano na Afrilu, da rana ke haura digiri 40, kafin goma da rabi ta fara yauƙi. Yarinya ta ci saboda Laraba ce, aka kira ni kafin azahar tana amai. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba zafi ba sanyi. Na san ta, na take ta. Taliyar leda dai ba ta taɓa sa ta amai ba, surukata kuwa ba ta bari wannan ta wuce ta ba.

Tun daga nan, da zafi abin da zan zuba da safen nake dafawa, in zuba shi yana tururi a kula mai riƙe zafi. In ban samu dama ba sai dafaffen ƙwai da ɓawonsa, gasasshen dankali, ƙuli-ƙuli, dabino. Fura da nono da kunun aya na gida ne, ba sa shiga jaka.

Gidan biki

Makaranta tana da ƙararrawa da malama. Gidan biki ba shi da ko ɗaya, kuma a nan na fi shan kunya.

Tun a Disamban 2024 aka yi bikin ƙanwar mijina. Ranar yini na hango 'yata riƙe da robar lemo ta biyu, Hajiya surukata ce da kanta ta miƙa mata. Na tsallake mutane na fizge. Tsakar gida ta yi tsit. Hajiya ta ce, "Ikon Allah. Mu da muka raini ubanta ba mu san abin da zai cuce ta ba, sai ke." Yarinya ta fashe da kuka, gwaggonninta suka rufe ni da kallo. Da daddare na je har ɗaki na durƙusa na ba da haƙuri. A idon kowa ba lemo na ƙwace ba, kyautar kaka na mayar mata a bainar jama'a.

Bayan kwana biyu na koma da katin asibitin da hoton haƙoran. Na ce, "Hajiya, likita ne ya ce a rage mata, ni kuma na rasa yadda zan yi, ke take jin maganarki." Tun daga ranar ta ɗauki aikin ya zama nata. Yanzu in mun je gidan dabino da gyaɗa take ajiye wa jikokin, kuma ita ce ke cewa 'yan uwa, "Kar ku ba ta, haƙorinta." Cincin dai ba ta daina ba, ni ma ban ƙara ɗaga maganar ba.

Sauran dabarun ƙanana ne. Ba ma fita biki ko suna da yunwa. Sai kowa ya ci ya ƙoshi a gida, don yaron da ya isa gidan biki cikinsa na kuka, kafin a sauke tukunya ya cika shi da alawa. Tun a hanya muke yin magana: lemo ɗaya, ke za ki zaɓi lokacin. Ledar rabon da ake ba yara ba na hana karɓa, amma gida take zuwa, ta shiga wani gwangwani a saman kabad, a riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya bayan abinci. Da yawa a ciki mantawa ake yi da su. Kuɗin barka da salla kuwa na sallama, kwana uku ne a shekara sau biyu.

Akwai masu ganin duk abin gargajiya lafiya ne, ni ban yarda ba. Alkaki da nakiya da dubulan da tuwon madara suga ne da mai, ba su fi biskit da komai ba. Bambancin shi ne mu da muna yara sai an kawo gara ko an yi salla muke ganinsu. Zoɓon da aka juye wa rabin kwanon suga da filebo da kala shi ma lemon kwalba ne da ya sauya riga.

Da ƙanwata ta haihu a watan Mayu, ni aka ba ragamar abin sha na ranar suna. Na yi zoɓo da citta da kanumfari da abarba, suga kaɗan, na yi kunun aya da dabino da kwakwa, aka yanka kankana a lokacin ana rabawa. A ledar yara na sa dabino, aya, ayaba da alawa guda ɗaya. Kankanar ta ƙare kafin la'asar. Na kuma ji da kunnena wata tana cewa, "Ko lemon kwalba babu, abin har ya kai haka?" Mijin ƙanwar tawa ya ji, ya aika aka sayo kiret biyar. A wurinmu lemon kwalba a gidan suna ba abin sha ba ne kawai, shaida ce cewa mai gida bai gaza ba, kuma ba ni da hurumin hana mutum kare mutuncinsa ranar sunan ɗansa.

Inda aka kwana a ƙarshen shekara

A Yuli makaranta ta karɓi kuɗin fatin ƙarshen shekara, aka raba wa kowane yaro jaka mai lemo da biskit da alawa da kek. Mun roƙi a sa ayaba da ruwa a madadin wani abu, aka ce an riga an ba da kwangila. Ajinmu dai Malama ta sa aka kawo kankana biyu daga kuɗin guruf, aka sha tare da sauran.

Ta ɓangaren 'yata, da muka koma wurin likitan bai ga sabon rami ba. Zaƙin da ke shiga bakinta sau bakwai ya koma sau biyu a yawancin ranaku. Tana cin tuwon dare. Kwaɗon zogale sai da na ajiye mata a gefen faranti ya fi sau goma ba tare da na ce ci ba kafin ta fara taɓawa, rama kuwa har yau ba su shirya ba. Taliyar leda ta dawo, ranar Juma'a, da ƙwai da karas da kabeji, rabin sinadarin kawai nake sawa saboda gishirinsa. Islamiyya ban iya yin komai a kai ba. Yara sun fi ɗari, ba guruf, mai ƙanƙarar kuma matar ɗaya daga cikin malaman ce.

A Satumban 2025 suka shiga aji huɗu, Malamar tasu ta zauna da sababbin 'yan aji uku, inda na ji ta ci gaba da Larabarta. Sabon malamin saurayi ne, gwauro, da lemo da biskit yake karyawa a kan teburinsa. Laraba biyu da suka wuce kular ta dawo da rabin faten wake. Iyaye uku a cikin shidanmu har yanzu suna biyan Iya. Jiya da na je ɗaukar yara ta tare ni tana tambaya ko ta saro gurjiya, sabuwa ta fara shigowa kasuwa. Na ce ta saro kwano biyu. Ranar Laraba kuma zan zuba ɗanwake kula biyu, ɗaya babansu zai miƙa wa malamin da hannunsa.